Musayar Waƙa: Fushin Ethel Merman, Wadda Aka Hana Fim ɗin Wasanta

Baba Mai Faifai:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Batun wannan zaman daga Amurka yake. A watan Mayun 1959 aka buɗe wani wasan daɓe mai waƙe-waƙe a Broadway, unguwar gidajen wasa ta birnin Niyok, sunansa *Gypsy*. Ethel Merman ce ta fito a matsayin Rose, uwar da ke tura 'ya'yanta mata harkar rawa da waƙa ko suna so ko ba sa so. Masu rubuta tarihin rayuwarta sun ce darakta Mervyn LeRoy ya sha zuwa kallon wasan, yana tabbatar mata cewa da ita zai yi fim ɗinsa. Da kamfanin Warner ya fitar da fim ɗin a 1962, Rosalind Russell aka gani a ciki. Merman ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Ni ina bayanta. Mai amsa ya amsa da baiti, a kuma kiyaye ladabi.

Da sunan Allah zan buɗe zance,
Ku ba ni kunne, in na ƙare ku ce,
Batun wata mawaƙiya da ta fice,
Aka yi mata alkawari ya lalace,
Ethel Merman, ita zan ambata.

A Astoria ta Niyok ta zo duniya,
Ta yi sakatariya kafin ta zam mawaƙiya,
Murya gare ta mai cika farfajiya,
Makirufo? Ba ta neman ko ɗaya,
Na kujerar ƙarshe yana jin kalmarta.

Jule Styne mai kiɗa ya zauna yana tsarawa,
Muryarta yake bi yana aunawa,
Kamar tela, ya yanka yana ɗinkawa,
Riga ta fito ba wurin gyarawa,
Daidai wuyanta, daidai kafaɗarta.

Rose ce uwar da ba ta jin bari,
Ta ja 'ya'ya biyu gari zuwa gari,
Tana so su yi suna tun da wuri,
Burin da ta rasa tun da fari,
Shi ta ɗora a kan 'ya'yanta.

Sau 702 aka buɗe zaure,
Tana rerawa, muryar ba ta ƙare,
Darakta LeRoy na zuwa da dare,
Yana ce mata fim ɗin za su yi tare,
Ta riƙe maganar nan a zuciyarta.

Wasa bai rufe ba sai ga sanarwa,
Russell aka ba, ba a ko tambayawa,
Mijinta furodusa ne, gwanin ƙullawa,
Da kamfanin Warner suka yi shiryawa,
Fim biyu a haɗe, dukansu nata.

Merman ta ce tun da ta fara waƙa,
Ba abin da ya ƙona mata rai haka,
Ni na ce ta yi gaskiya, ba shakka,
Mai ja da ni, fito da baitinka,
Ka nuna mini laifin fushin nata.

Ɗan Sabon Zango:

Baba, na gaishe ka da ladabi,
Zan ja da kai, amma ina ganin girma.

Dandamali daban, kyamara daban,
Abin da ya karɓu a Broadway kan faɗi a silima.

A zaure mawaƙi na jefa murya nesa,
Don na can baya da na bene can sama.

Kyamara kuwa har ƙiftawar ido take ɗauka,
Wanda ya saba da ɗaga murya sai ya yi fama.

Kuma Hollywood ba ta rufe mata ƙofa ba,
A 1953 ta ba ta dama.

*Call Me Madam* nata ne a dandamali,
Nata ne a fim, har kambu ta kama.

Amma a garuruwan da ke nesa da Niyok,
Russell aka sani, ita jama'a ke nema.

*Auntie Mame* ya kawo wa Warner kuɗi a 1958,
Mai kuɗi inda ya ci riba nan yake koma.

Kuma ba baƙuwa ba ce a wasan waƙa,
Ta ci lambar Tony, kambun Broadway, a 1953 ita ma.

Kamfani dukiya ya zuba, ba sadaka ba,
In fim ya faɗi, wa zai biya masu hidima?

'Yar Damagaram:

Yayana na Zango, na ji batunka,
Ka yi lissafin kuɗi da tikitinka,
Tambaya ɗaya nake so in yi maka,
Wa ya rera waƙoƙin? Faɗi gaskiya.

Wasan nan da waƙa aka gina shi,
Da waƙa Rose ke kuka, da ita take fushi,
Aka ba wadda muryarta ta kasa ɗaukar shi,
Sai aka shiga neman wata mawaƙiya.

Lisa Kirk aka ɗauko da muryarta,
Ta kwaikwayi Russell har kaurin sautinta,
Manyan waƙoƙin akasari nata,
Sunanta bai fito a allo ba ko sau ɗaya.

In an ce shekaru ne suka yi mata yawa,
A duba takarda, ba a buƙatar rantsuwa,
1907 Russell, 1908 Merman, ga haihuwa,
Wadda aka ɗauka ita ce babbar yaya.

Ba Kirk kaɗai aka yi wa haka ba,
Marni Nixon ma ba a rubuta ta ba,
Waƙar Audrey Hepburn a fim ɗin *My Fair Lady* ba duk tata ba,
Nixon ce a ciki, ita ta sha wuya.

Mu nan gida mun san wannan hali,
Jaruma na mamin, ta sha kwalli,
Mai muryar na ɗaki, ba ta fili,
Sai dai a nan akan san ta a duniya.

Ni mata biyu nake tausayawa,
Ta farko an hana ta fitowa,
Ta biyu an ji ta ba a nunawa,
Ta uku ta ɗau Golden Globe, kambun zinariya.

Baba Mai Faifai:

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Batun shekarun nan ya rufe wata ƙofa da mutane da yawa ke bi su gudu.

'Yata ta zo da hujja a hannu,
Ɗan Zango, amsa ta, amma a sannu.

Malam Na-Zazzau:

Alhaji, ina tare da kai rabin hanya,
Sauran rabin ban bi ka ba.

Akwai wani yaro a wasan nan, Stephen Sondheim,
Lokacin bai cika talatin ba.

Shi aka so ya yi kiɗa da baiti duka,
Merman ta ce ba ta yarda ba.

Ta ce a kawo mata wanda ya gogu,
Ba za ta jingina da sabon hannu ba.

Aka kawo Styne, aka bar yaro da baiti,
Malaminsa Hammerstein ya lallashe shi, bai fita ba.

Hujjarta ita ce suna, wa jama'a suka sani,
Hujjar Warner ma ba ta wuce haka ba.

Ban ce alhaki ne ya kama ta,
Styne ya yi aiki, ba wanda bai yaba ba.

Ku dubi Julie Andrews, tauraruwar *My Fair Lady* a 1956,
Da aka zo fim, Jack Warner bai ɗauke ta ba.

Ya ba Hepburn, mai suna a silima,
Don Andrews ba ta taɓa yin fim ba.

Disney ya ɗauke ta, ta zo ta ci Oscar,
Hepburn ko cikin 'yan takara ba a sa ta ba.

A 1965 ga ta a *The Sound of Music*,
Wasan Mary Martin ne, Martin ba a ba ta ba.

Martin ɗin nan ce ta ci Tony a 1960,
Shekarar da Merman ta nema da Rose, ba ta samu ba.

Wa zan kira azzalumi a cikinsu?
Na duba, ban ga wanda abin bai shafa ba.

Hajiya Ta-Garwa:

Malam, Andrews ta samu mai share mata hawaye,
Ga wadda aka yi wa sau biyu tana tsaye.

Carol Channing ce Lorelei a wasan *Gentlemen Prefer Blondes* na 1949,
Da fim ya zo, Marilyn Monroe aka kira.

A 1964 a wasan *Hello, Dolly!* ta zama Dolly, mai dalilin aure,
Ta kayar da Barbra Streisand a Tony, suna takara tare.

Da kamfanin Fox ya tashi yin fim nasa,
Wadda aka kayar ita ya ɗora bisa.

Dolly bazawara ce, ta ga jiya ta ga yau,
Aka ba 'yar ashirin da 'yan kai, don murya da kyau.

Ban ƙi Streisand ba, muryarta ta isa,
Amma shekarunta sun yi kaɗan ga wannan wasa.

Channing ta ji ciwo, ba ta ɓoye wa kowa,
Ta koma dandamali ta ci gaba da takawa.

Sau dubbai ta sauko matakalar nan da jar riga,
Har 1995, tana da 74, jama'a na zuwa su ga.

Ta rasu a 2019 tana da 97 a duniya,
Yaro in ya nemi Dolly yau, Streisand zai gani ita ɗaya.

Kuma Alhaji, Dolly don Merman aka fara rubuta ta,
Ta ƙi, sai a 1970 ta zo ta rufe wasan da kanta.

Ɗan Sabon Zango:

Hajiya, na ji, jikina ya yi sanyi,
Ƙanwata, kan Lisa Kirk na sallama.

Amma Merman ba ta ɓace ba, Baba,
Faifan 1959 na nan ga mai nema.

Kamfanin Columbia ya naɗe muryar 'yan wasan,
Mai waya a hannu zai ji kowace kalma.

Kuma fim ne ya kai labarin Rose ƙasashe,
Har inda ba a san Broadway ba, har mu ma.

To me ya rage da za a yi wa kuka?
Murya ta tsira, ni a ganina an gama.

Baba Mai Faifai:

Ɗana, faifan na nan, ina saurare,
Kunne yake ba ni, bai ba ni ido tare,
A waƙar ƙarshe Rose na tsaye a zaure,
Ita kaɗai, burin duk ya ƙare,
Ina so in ga me ta yi da fuskarta.

Masu sharhin lokacin sun yi magana,
Sun ce a Rose ne ta fito ta nuna,
Ta iya wasa, ta iya bayyana ƙuna,
Wasan daɓe kuwa ba ya kwana,
Labule na sauka, sai wanda ya gan ta.

Masu kallon nan kaɗan suka rage cikinsu,
Ita ma a 1984 ta riga su,
Abin da suka gani yana tafiya tare da su,
Fim ne kaɗai zai ajiye wa jikokinsu,
Shi ne aka ɗauka aka ba wata.

Malam, batun Sondheim na karɓa,
Ta tare masa hanya, ban musa ba,
Amma ba ta ɗau alkawari ta saɓa ba,
Tun ba a fara ba ta ce ba ta yarda ba,
A fili ta faɗa, da bakinta.

LeRoy kuwa ya zo ya zauna ya kalla,
Ya sake dawowa, alkawari ya ƙulla,
Sai sunan Russell ta ji ya ɓulla,
Da ya faɗa mata gaskiya dalla-dalla,
Da ciwon bai kai haka ba a ranta.

Duk da haka a 1961 ta bi birni-birni,
Ta kai Rose ga duk mai son gani,
Ta san fim ɗin ya tafi hannun wani,
Ta rera da ƙarfi tana ɗauke da rauni,
Maris har Disamba, ita da 'yan wasanta.

Malam Na-Zazzau:

Alhaji, kan alkawari na bi ka,
Saɓa shi ba abin da zan kare ba ne, ban kare ba.

Amma LeRoy ma'aikaci ne a gidan Warner,
Hukuncin ƙarshe ba nasa ba.

'Yar Damagaram:

Malam, wanda ba shi da ikon cikawa,
Me ya kai shi ɗauka da maimaitawa?
Kuma Baba, ga wata da ba a ambatawa,
Angela Lansbury, ita ma ta sha wuya.

Ta yi Rose a Landan a 1973,
Ta kai ta Broadway, ta ci Tony, nata na uku,
Amma *Mame* da ta buɗe a 1966, ina tambayar ku,
Wa aka ba fim ɗin? Lucille Ball, ba ta da muryar ko ɗaya.