Prelud na Shopan mai lamba 4: hannun hagu yana danne waƙar, ta ina zan fara gyara?

Ɗalibi, Zango

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina aiki a kan Prelud (ɗan gajeren kiɗan piyano) na Shopan, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Poland, opus 28 lamba 4, wanda ke cikin mi miner. Mezir (gaɓoɓin da ake raba kiɗa a takarda) 25 ne kacal kuma na haddace su, amma in na ɗauki kiɗan a salula na saurara, hannun hagu sai ka ce daka ake yi a turmi, waƙar hannun dama ta nutse. In na taka pedal, matakin ƙafa mai riƙe sauti, komai ya cakuɗe. Wajen mezir ta 16 da ta 17 kuma hannuna sarƙewa yake yi. Kilabiye (piyanon lantarki) gare ni mai maɓalli 61, mai jin ƙarfin taɓi, da ƙaramar pedal ta jonawa a baya. Laifin hannuna ne ko na kayan?

Malamin kiɗa, Birni

Wa alaikumus salam ɗana. Mafi yawa daga hannu ne, kuma yana gyaruwa. Ajiye pedal da hannun dama tukuna, kwana uku ko huɗu.

Hagu yana buga akor (sautuka da ake bugawa tare) takwas a kusan kowace mezir, galibi mai sauti uku. Wanda ya ɗauka abu guda ake maimaitawa, shi ne zai yi daka. Duba takardarka: mezir ta 1 sol, si, mi ce. Ta 2 ta fara da fa diyez, la, mi, a tsakiyarta mi ya sauko mi bemol (diyez rabin taki ne sama, bemol rabin taki ƙasa). A ta 3 fa diyez ya sauko fa, sai mi bemol ya sauko re, sai la ya sauko sol diyez. Haka ake ta zamewa ƙasa rabin taki rabin taki, yawanci yatsa ɗaya ne ke motsi sauran biyu suna zaune. Cikin wannan zamewar kiɗan yake, don hannun dama si da do kawai yake jujjuyawa har mezir uku.

To ga aikin. Ka buga kowane sabon akor sau ɗaya tak, ka riƙe shi ka ƙirga huɗu, ka wuce na gaba. Sautin da ya sauya ka zagaye shi da fensir, ka rera shi da bakinka lokacin da kake bugawa. In kunne ya san inda zai bi, sai ka dawo da maimaitawar, kana ɗan ƙara nauyi kan yatsan da ya motsa.

Ƙarar dakan kuwa daga ɗaga hannu take zuwa. Maɓalli yana nutsewa wajen santimita ɗaya. Kada yatsunka su rabu da shi: bar shi ya taso rabi ko fiye kaɗan, gwargwadon yadda kayanka zai yarda ya sake magana, sannan ka sake tura shi, wuyan hannu a sake. Ka lura da babban yatsa sosai. Shi ne mafi nauyi, kuma shi ke riƙe da sautin sama na akor, wanda ya fi kusa da waƙar, saboda haka shi ke fara danne ta. Sautukan uku kuma su sauka tare. In ɗaya ya riga, a kiɗa mai sanyi irin wannan kowa zai ji.

Ranar da ka dawo da hannun dama, ka buga waƙar da cikakken sauti, hagu kuwa ya taɓa maɓallansa ba tare da ya fitar da ƙara ba. Sau biyar haka. Daga nan ka bar hagu ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar raɗa.

Abu na ƙarshe, wanda ɗalibai suka fi mantawa. Mai algaita a fadar Damagaram yana riƙe sauti ɗaya ba yankewa don numfashinsa yana ciyar da shi. Piyano ba haka yake ba, daga bugu sauti ya kama mutuwa. Si ɗin hannun dama yana tsaye har akor shida su wuce, kafin do ya zo ya yi rauni. In ka buga do da ƙarfin da ka buga si, zai yi tsalle ya fito kamar tari. Saurari si har ƙarshensa, ka ɗora do daidai inda ya bar ka. Yatsun dama a farkon waƙar: babban yatsa a si na ƙasa, na 4 a si na sama, na 5 a do. In hannunka ƙarami ne ka kama da na 5, ka musanya da na 4 ba tare da ka saki ba.

Yaya mai piyano, Sabon Gari

Ƙanena, abin da Malam ya faɗa ka riƙe. Ni zan ƙara maganar gudu, don jan kiɗan fiye da kima shi ma yana kawo dakan. An rubuta Largo, wato a hankali, gaskiya ne, amma dubi alamar farko: C mai layi a tsaye, wato bugu biyu a mezir, ba huɗu ba, balle takwas. In kana ƙirga takwas a kai, kowane akor zai samu nasa nauyi. Sa metronom, na'urar ƙirga bugu, a nuwar (kwatan mezir) 50 zuwa 56. A 50, mezir 25 sau huɗu ɗari ke nan, minti biyu. Bayan kwana biyu ka sauke shi zuwa 26 ko 28 yana bugun bulansh (rabin mezir), ka ji yadda akor huɗu ke tafiya cikin numfashi ɗaya.

Ɗaliban Shopan sun ruwaito cewa yakan ce hagu ya riƙe lokaci, dama ya sami sakewa, kuma metronom ba ya rabuwa da piyanonsa. Mu nan ba baƙon abu ba ne: masu kalangu ba sa jiran mawaƙi, shi ne yake ɗan jinkirta kalma ya cimma kiɗan a gaba. Inda za ka ja numfashi da gaske shi ne mezir ta 12, inda hagu ya yi shiru dama ya kai ka ta 13 shi kaɗai.

Pedal: diddige a ƙasa, kuma ƙafa tana bin bayan hannu. Hannu ya sauka a sabon akor, a daidai nan ƙafa ta tashi, sannan ta koma. Ce "ɗaya" ka ɗaga, ce "da" ka taka. Duk inda ka zagaye da fensir, wurin sauya pedal ne, wata mezir sau biyu, wata sau uku. Cakuɗewar da kake ji, mi da mi bemol ne suka kwana cikin pedal ɗaya.

Mezir ta 16 zuwa ta 18 ka koye su daga baya: ta 18 ita kaɗai, sai 17 da 18, sai ka haɗa da 16. Abin da ke sarƙe hannu shi ne tsallen hagu zuwa oktab ɗin si (si biyu tare, na ƙasa da na samansa) na can ƙasa a farkon 17, da dawowa tsakiya nan take. Yi tsallen ba ƙara sau goma, ido ya riga hannu isa. Stretto da aka rubuta a wurin matsawa gaba ce a hankali, ba zabura ba. Kuma kada ka ƙara ƙarfi tun daga 13, in ka kashe shi a can babu abin da za ka kai 17 da shi.

Ƙarshen na fi so a kula. A 21 kunne yana jiran mi miner sai aka ba shi do majer, ga smorzando, wato wuta mai mutuwa. A 23 bayan akor akwai shiru mai alamar tsayawa. Saki pedal gaba ɗaya, hannu ya tsaya cak a saman maɓalli, kada ka gyara zama. Akor ukun ƙarshe ka fito da sautin samansu: mi, re diyez, mi. An kaɗa wannan prelud da organ a jana'izar Shopan a cocin Madeleine na Paris a 1849, shekara goma bayan fitowarsa, amma hakan ba dalilin jan shi har ya tsaya ba ne.

Mai gyaran kilabiye, Garin Malam

Sannu ɗan'uwa. Kayan ma suna da nasu rabo. Mai maɓalli 61 ba ya kaiwa si na ƙasa na mezir ta 17, balle mi na ƙarshe. Nemi saitin oktab ka sauke da ɗaya, ka matsa zamanka dama. Do mafi tsawo na prelud ɗin zai faɗa kan maɓallin ƙarshe daidai, komai ya shiga.

Saitin taɓi ka sa a mai tauri, ya fi ba da fili wajen sanyi. Rage amsa-kuwwar na'ura lokacin koyon pedal, tana ɓoye kuskure. Kada ka rage murya ƙasa sosai don dare. Hannu zai koyi bugu da ƙarfi. Bar ta wajen kashi biyu cikin uku, ko ka sa abin kunne.

In pedal tana aiki a juye, sauti ya riƙe sai ka taka ya yanke, kashe na'urar, jona pedal, kunna ba tare da ƙafarka a kai ba. Wasu suna da ɗan makunni a ƙasansu.

Sai ƙurar hunturu. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai baki biyu na gawayi, na'ura tana auna lokacin da ke tsakanin taɓawar na farko da na biyu ta san ƙarfin bugu. In ƙura ta zauna a ɗaya, maɓallin zai yi ihu ko yaya ka lallaɓa shi, ko ya yi shiru. Gwada su ɗaya ɗaya a hankali daga do na ƙasa. Wanda ya yi tsalle, a cire wuta, a ɗauki hoton cikin kafin a kwance, a goge da auduga da alkol 90 na kantin magani, a bari ya bushe. Ban da ruwa, ban da mai. Zane mai kauri a rufe kullum.

Ɗalibi, Zango

Allah ya saka da alheri. Na gwada, fa na hagu ɗaya yana ihu. Malam, sautuka ukun nan da dama ke yi cikin bugu ɗaya a mezir ta 18 fa, yaya zan haɗa su da biyun hagu?

Malamin kiɗa, Birni

Rufe kilabiyen ka yi a gwiwa. Raba bugun gida shida: dama a 1, 3, 5, hagu a 1 da 4. Jerin ya zama tare, dama, hagu, dama. Yi a hankali kana ƙirga shidan da baki, minti biyar a rana, har ka daina buƙatar ƙirgar. Sannan ka koma maɓalli, ka fara bugu ɗaya kafin wurin, ka tsaya a fa diyez da ke biye. Wannan fa ɗin mai ihu kuma a gyara shi kafin ka ci gaba da aikin hagu, don yana cikin akor na mezir ta 3.