Hafsa kemistiri take so, a gida na karantar da ita: wace jami'a za mu riƙe ta ko-ta-kwana?

Maman Hafsa (Katy, Texas)

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa da iyalinsa lafiya. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu kai yara jami'a a nan Amurka.

'Yata Hafsa shekararta 16, tana aji 11. Tun daga aji 5 a gida nake karantar da ita da ƙannenta biyu: da safe hadda da Larabci, daga ƙarfe goma sai boko. A Texas ba a takura wa mai wannan tsari, tun hukuncin kotun ƙolin jiha na 1994 gida matsayin makaranta mai zaman kanta gare shi, kuma babu jami'in da ya taɓa leƙo mu. Da daɗi kam a lokacin. Yanzu da maganar jami'a ta taso sai ga shi ni ce malama, ni ce shugabar makaranta, ni ce mai sa hannu a takardar sakamako, duk A ɗin da ke ciki kuma da hannuna na rubuta. Wa zai gaskata ni?

Yarinyar kemistiri ne a ranta. Ta mai da min gareji ɗakin gwaje-gwaje, ta dafa jan kabeji ta bi duk abin da ke kicin ɗina da ruwansa tana gwada tsami, har kanwa da tsamiyar da aka aiko min daga Katsina ba su tsira ba. A SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, ta samu 1390 cikin 1600, za ta sake a watan Agusta in Allah ya kai mu. Ta rubuta AP na kemistiri, jarrabawar matakin jami'a ta 'yan sakandare, a Mayun bara ta samu 4 cikin 5, bayan mun sha yawo kafin mu samu makarantar da ta yarda ta zauna jarrabawar a wurinsu.

Ita dai bakinta manyan jami'o'in nan MIT da Rice, in ta sauko sai UT Austin, wato Jami'ar Texas ta Austin. Ban hana ta ba, ta nema. Abin da ke hana ni barci shi ne watan Maris ya zo duka ukun su ce a'a, mu tashi babu tsuntsu babu tarko. Babanta kuma ya kafa sharaɗi biyu: ba bashi mai ruwa, kuma ba inda mota ba za ta kai mu a yini guda ba.

To yaya ake gane cewa jami'a tabbas za ta ɗauki yaron da ba shi da matsayi a aji, tunda ajin nasa shi kaɗai ne? Kuma waɗanne kuka sani masu ƙarfi a kimiyya, ba wai kawai masu ɗaukar kowa ba? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiq (Richardson, Texas)

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa Hafsa albarka.

Abu na farko, ki daina kallon alƙaluman nan na "jami'a kaza tana ɗaukar kashi kaza cikin ɗari". Galibi da yaran da suka fito daga makarantu aka yi wannan lissafin, masu matsayi a aji da takardar sakamakon da jami'ar ta saba gani. Abin da za ki nema shi ne rubutacciyar ƙa'ida: wanda ya kawo kaza da kaza an ɗauke shi, kuma ƙa'idar ta ambaci 'yan karatun gida ƙarara. In ba ta ambace su ba, ki aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel, su ba ki amsa a rubuce. Ta waya ba ta da amfani, ɗalibi ne sau da yawa ke ɗauka.

Kin yi sa'ar zama a Texas. Tun 1997 doka ta ce wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa jami'o'in jiha su ɗauke shi kai tsaye. 'Yan gida ba su da aji, shi ya sa a 2015 aka yi doka cewa jami'ar da ke duba matsayi ta ƙirƙira wa ɗan gida nasa daga makinsa na SAT ko takwararta ACT, ta hanyar kwatanta shi da masu irin makin a cikin masu nema. A 2023 kuma aka shigar da su cikin tsarin ɗauka kai tsaye. Ma'anar wannan a wurinki ita ce SAT ɗin Hafsa shi ne matsayinta. Ko jami'a ta rubuta cewa turo maki ba dole ba ne, ku ku tura. Kuma jarrabawar Agustan nan ta fi duk wani abin da za ta yi da rani muhimmanci.

Austin ki cire ta daga lissafin ko-ta-kwana gaba ɗaya. Su ba kashi 10 suke bi ba, sun daɗe a kan 6, daga shigar 2026 sun koma 5. Ko an ɗauke ta kai tsaye ma, ba a yi mata alkawarin fannin da ta zaɓa ba. Wannan ki tambaya a ko'ina: shiga jami'a daban, shiga sashen kimiyya daban.

Ni da zan rubuta miki jeri, Jami'ar Houston zan sa farko, sai UT Dallas da ke nan unguwarmu, sai Texas Tech a Lubbock in Alhaji zai iya tuƙin. UT Dallas waɗanda suka kafa kamfanin Texas Instruments ne suka assasa ta, kimiyya ce tushenta. Aziz Sancar, Baturken da ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 2015, a nan ya yi digirinsa na uku. Ki gaya wa Hafsa wannan, ko za ta daina yi mata kallon raini. Masallatai kuma ga su nan Richardson da Plano, naman halal ba a nemansa. Daga Katy awa huɗu ne ko da ɗan ɗoriya. Sai dai kada ki kira ko ɗaya cikinsu tabbas kafin ki buɗe Common Data Set ɗinsu, wato alƙaluman da jami'a ke wallafawa duk shekara, sashen C9, ki ga makin waɗanda suka shiga bara. In 1390 tana sama da na akasarinsu, to.

Hajiya Rabi (Sugar Land, Texas)

Maman Hafsa sannu da ƙoƙari. Na aurar da wannan damuwar sau biyu, zan faɗa miki abin da na gani.

Maganar Baban Sadiq gaskiya ce, amma ni inda na fi jin tsoro a takardunki shi ne garejin nan. Ga mai neman kimiyya, jami'a tana son ganin darasin da aka yi a ɗakin gwaje-gwaje na gaske. Lokacin da babban ɗana ya nemi Jami'ar Jihar Arizona, fom na musamman suka ba mu, na 'yan gida kaɗai, mu bayyana gwaje-gwajen da ya yi a kowane darasin kimiyya. Wasu ba sa ba da fom, amma tambayar tana ransu.

Maganinsa kwalejin shekara biyu. Kuna da HCC, kwalejin Houston, a Katy, ga Lone Star ta CyFair ba nisa. Ki shigar da ita a matsayin 'yar sakandare mai ɗaukar darasin kwaleji, ta yi CHEM 1411 a zangon kaka, 1412 a na bazara, in lissafinta ya kai ta haɗa da MATH 2413, wato kalkulas na farko. Lambobin nan bai ɗaya ne a kwalejojin Texas, jami'o'in jiha sun san su, kuma suna karɓar su. Da A ɗaya daga malamin da bai haɗa komai da ku ba, duk A ɗin da kika rubuta sun samu shaida. Sannan ta samu wanda zai rubuta mata wasiƙar yabo, don ta uwa ba ta da nauyi, kin sani. Ki sa ta riƙa zuwa ofishin malamin a lokutan da ya ware, ya san fuskarta tun kafin Oktoba.

Gargaɗi biyu. Makin kwaleji ba ya gogewa, zai bi ta har ranar da za ta nemi digiri na biyu ko likitanci, don haka kada zumuɗi ya sa ki jibga mata darussa huɗu a zango guda. Na biyu, duk abin da za ta ɗauka ta ɗauka kafin ranar da kika rubuta cewa ta kammala sakandare. In ta ɗauki darussa bayan wannan ranar, jami'o'i da yawa za su lissafa ta a mai sauya makaranta, manyan tallafin da ake ba sabbin ɗalibai su wuce ta.

Ke kuma naki aikin yana jiranki. A Common App, shafin neman jami'o'i da yawa da fom ɗaya, da ake buɗewa 1 ga Agusta, ke ce mai ba da shawara ta makaranta. Za ki ɗora takardar sakamako, da bayanin makarantarki, da wasiƙarki. Ki ƙara da bayanin kowane darasi: littafin da aka bi, yadda aka auna ta, gwaje-gwajen da ta yi. Ki fara yanzu, ranar da kika zauna tuno abin da aka karanta a aji 9 za ki gode min. Hadda da Larabci kada ki ɓoye su. Larabcin ki rubuta shi a gurbin harshen waje, haddar kuma ta shiga cikin ayyukanta, da shekarun da ta ɗauka tana yi.

Injiniya Mamman (Huntsville, Alabama)

Hajiya, ni ɗan Maraɗi ne, a gafarce ni in na yi katsalandan a hukuncin Alhaji, amma sharaɗin yini guda zai iya sa ku yi asarar kuɗi. Jami'ar Alabama ta nan Huntsville tana maƙwabtaka da cibiyar NASA ta Marshall, kuma tana ba da tallafi bisa jadawalin maki da ake wallafawa: GPA (matsakaicin makin sakandare) kaza da SAT kaza, kuɗi kaza, ko daga wace jiha yaro ya fito. Ba sai kin jira Maris ba, suna amsawa yayin da takardu ke shigowa. Yaro ya shiga watan Nuwamba da gurbi ɗaya a hannu, sai ya nemi MIT hankalinsa kwance. Daga Houston kusan awa goma sha biyu ne, in an fita bayan asuba yini guda ne ai, a lissafin direbobinmu.

Akwai kuma New Mexico Tech a Socorro, ƙaramar makaranta ta kimiyya da injiniyanci zalla tun 1889. Malamai suna sanin ɗalibi da sunansa, abin da ya dace da wanda ya taso a aji na mutum uku. Amma garin ƙauye ne, Albuquerque ta fi awa guda. Ɗa namiji zan tura can ba tare da tunani ba, 'ya mace sai na je na gani.

Ummi (ɗalibar kemistiri, shekara ta uku)

Anti ina wuni. Ni ma a gida Mama ta karantar da ni, kuma inda nake yanzu ita ce wadda na sa a ƙarshen jerina, har kuka na yi. Don Allah ku bar Hafsa ta zaɓi ta ko-ta-kwanan da kanta. Ku je ranar da ake karatu, ta shiga ginin kemistiri, ta tare ɗalibi ta tambaye shi ko 'yan shekarar farko da ta biyu suna samun shiga binciken malamai. Ta duba ko ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka, ACS, ta amince da digirin sashen, jerin yana shafinsu. Ta nemi kwalejin masu hazaƙa ta jami'ar ma, ajinsu ƙanana ne kuma su ke fara zaɓen darussa, amma ranar rufe nemanta takan riga ta sauran.

Ni a zangona na biyu na shiga ɗakin binciken wata farfesa, wanke kwalabe na fara. Da rani na samu REU, shirin da hukumar kimiyya ta ƙasa, NSF, ke biya ɗalibi ya je wata jami'a ya yi bincike, har da alawus. Na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin. Daga kowace jami'a ana nema.

Maman Hafsa (Katy, Texas)

Kai, Allah ya biya ku duka. Hajiya Rabi, na duba, rajistar kaka ba a buɗe ba tukuna, za mu je ofishin kwalejin da sakamakon SAT ɗin. Injiniya, na karanta wa Alhaji lissafin direbobinku, ya yi dariya ya ce ya ji, amma bai ce ya yarda ba. Ummi 'yata, Hafsa ta karanta naki sau biyu, ta ce a tambaye ki wanke kwalaben wata nawa ne.

Saura maganar kuɗi. Alhaji ya ce kada ma a cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, wai fom ɗin bashi ne. Haka ne?

Baban Sadiq (Richardson, Texas)

A'a Hajiya, ku cike. Da shi ake samun Pell Grant da TEXAS Grant, waɗanda kyauta ne ba a mayarwa, kuma 'yan karatun gida suna da haƙƙi kamar kowa. Bashin tayi ne, ana iya cewa ba a so. Sai dai ku lura, a takardar tallafin da jami'a za ta aiko ana cusa bashin cikin jimilla kamar kyauta ce. Ku cire shi ku ga abin da ya rage, shi ne farashin gaskiya. Kowace jami'a mai karɓar tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya doka ta tilasta mata sa manhajar lissafin kuɗi a shafinta, Alhaji ya zauna da takardar harajinsa ya gwada Houston da Dallas da Huntsville a dare guda. Ya gwada MIT ma: daga 2025 iyalin da abin da ke shigo musu a shekara bai kai dala 200,000 ba, mafi yawansu ba sa biyan kuɗin karatu a can. Wadda ta fi ƙarfin aljihunku ba tare da bashi ba, ku goge ta daga jerin ko-ta-kwana ko da gobe za ta ɗauki Hafsa.