Mai gida ya ce soket kawai zan ƙara, kada in taɓa tsohon wayarin

Sani Wayarin: Assalamu alaikum, iyayen gidana ina neman shawara. Gida ne ginin shekarun 1980, waya ja da baƙa, akwatin fis irin wanda ake ɗaura wa siririyar waya, babu atin (wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa) ko kaɗan. Mai gida yana son soket biyu na esi, ya ce sauran a bar su, ba kuɗi. In na yi, gobe gobara ta tashi, wa za a kama?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Esi layinsa daban ake ja masa tun daga akwati, waya 4mm, bireka 20A. Kada ka jona shi da soket ɗin ɗaki.

Injiniya Rabi'u: Malam, ba wannan ya tambaya ba. Sani, fara gwada kowane layi da mega (na'urar auna lafiyar robar waya) a 500V. Wanda ya gaza megohm 1, robar wayarsa ta mutu. Rubuta sakamakon, mai gida ya sa hannu cewa an gargaɗe shi. Amma sa hannunsa ba zai wanke ka kan layin da ka ja da kanka ba. Kafa sandar atin, sa RCD 30mA (bireka mai yanke wuta da zarar ta fara yoyo zuwa ƙasa). Takardar shaidarka ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu wayarin, ita ce a kan aikin.

Ɗanladi: Wace takarda? Wani yaron unguwarmu soket ɗaya ya canza. Bayan wata biyu silin ya kama, daga tsohon joni da aka naɗe da leda tun kafin a haife shi. Kwana uku ya yi a caji ofis, sai da ya sayar da babur ɗinsa. Ba wanda ya tambayi inda wutar ta fara. Hannun da ya taɓa waya a ƙarshe shi ake riƙewa.

Malam Habu: Allah Sarki. To ai mu shekara 30 muna aiki ba mega, gida bai ƙone ba.

Injiniya Rabi'u: A lokacin fanka da rediyo ne a gidan, ranka ya daɗe.

Auwalu Sola: Sa RCD a tsohon gida, ka haɗa da katifarka. In an ari nutural (baƙar wayar da wuta ke komawa ta cikinta) daga wani layi, ana kunna fitila zai faɗi, mai gida ya kira ka ƙarfe biyun dare.

Sani Wayarin: Nawa ne bandir ɗin waya 2.5mm yanzu? Ko zan lallaɓa mai gida a sake layin soket.

Ɗanladi: Dubu 25.

Auwalu Sola: Ina? Mai kyau ya haura dubu 40. Na 25 ɗin kankare shi da wuƙa, za ka ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Auna tsawon ma, ba ya cika mita 100.

Malam Habu: Wannan ita ce magana. SON, hukumar kula da ingancin kaya, ta shiga kasuwa tukuna kafin a zo ana neman takardunmu.

Sani Wayarin: To in karɓi aikin ko in bari? Gobe da safe zai kira ni.