Shin ana zuba man giya daban a sabis ɗin farko na sabon babur?

Mai sabon Boxer, Rigasa

Assalamu alaikum. Na sayi sabon Bajaj Boxer, kuma mita ta kusa nuna kilomita 500, don haka ina shirin kai shi sabis ɗin farko. Wani bakanike ya ce mini bayan juyen baƙin mai dole ne a canza man giya, kuma kuɗinsa daban ne. Na duba jikin injin ban ga wani murfi ba sai na baƙin mai kaɗai. Shin akwai inda ake zuba man giya a irin wannan babur, kuma yaya ake duba shi?

Tsohon bakanike, Panteka

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya wannan kuɗi. A Boxer da TVS da akasarin baburan da 'yan acaɓa ke hawa a garin nan, mai ɗaya ne yake zagaya fistin da kuloci da haƙoran giya, domin duk a gida ɗaya suke zaune, saboda haka duk wanda ya yi maka juye ya riga ya canza maka man giya.

Abin da ya sa juyen farko ya fi na bayansa muhimmanci shi ne haƙoran giya sababbi ne, suna gogar juna har su zauna, kuma garin ƙarfen da suke zubarwa a cikin man yake taruwa. Ka tsaya a yi aikin a gabanka. A kwance notin ƙasa tun injin yana da ɗumi domin man ya kwaso dattin, a wanke rariyar mai, sannan ka ɗauki man da ya fito ka duba shi a rana. Ɗan ƙyalƙyali ba abin damuwa ba ne a sabon babur, amma idan ka ji ɓarɓashin ƙarfe a tsakanin yatsunka, ka mayar da shi wurin dillalin tun garanti bai ƙare ba.

Ɗan acaɓa, Kawo

Baba ya yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne, tunda kulocin a cikin man yake wanka, ba kowane mai ne ya dace ba. A nemi baƙin mai mai lamba 20W-50 da ke ɗauke da alamar JASO MA a jikin robar, domin wasu mayukan mota suna da santsin da ke sa kuloci zamewa. Man giyar mota mai lamba 90 kuwa, kada ya kusanci injin. Wajen dubawa, a ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidaito, a bari man ya sauka na 'yan mintuna, sannan a duba ma'aunin mai. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomin biyu.

Malamin koyar da sana'a, Kakuri

Ina ganin bai kamata a yi saurin zargin bakaniken da ya ce a canza man giya ba, domin wataƙila da tsofaffin babura ya saba. A babur mai shan man 2T, wato man da yake ƙonewa tare da fetur, irin Suzuki AX100, man giya daban yake da gaske, yana da murfinsa da notin zubarwarsa. Haka ma sikuta mai tafiya da bel, wadda take da ƙaramin gidan giya a jikin tayar baya; man da yake ci bai wuce kofin shayi ba, shi ya sa mutane suke mancewa da shi har giyar ta fara kuka. Mai irin waɗannan ya duba littafin da aka ba shi tare da babur, domin nau'in man da adadinsa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Amma a Boxer, Malam, lita ɗaya ta baƙin mai ta wadatar da kai.