Abin wuyan kare a wasan kwaikwayon Yaƙin Duniya: wa ya taɓa nema?

Mai buɗe zance, daga Ingila: Salamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina cikin masu sa kakin sojan Birtaniya na 1917, muna kwaikwayon zaman sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya a ƙarshen mako. Wani a cikinmu ya zo da karensa, irin Airedale, irin da Laftanar Kanar Richardson ya riƙa horarwa a garin Shoeburyness na Ingila don kai saƙo a fagen yaƙi. Komai na jikinmu ya hau, har maɓallan riga, sai ga kare da jan abin wuya na nailan. Duk hoton da aka ɗauka, nan ido yake fara sauka. Wa ya taɓa samun na gaske?

Wani daga Amurka: Wa alaikumus salam. Na samu, na kuma yi nadama. A wurin masu tsofaffin kayan soja na saya, fata ce da ƙarfenta, ta yi baƙi da tsufa. Na shafe ta da mai kwana uku, ta yi laushi, na ce shi ke nan. Ranar wasa, harbin farko, kare ya fizga, fatar ta tsinke daidai hudar da harshen ƙarfen yake shiga. Da kaki da takalmi mai nauyi na bi shi har wurin ajiye motoci. Yanzu tana cikin akwatin gilashi. Ɗan'uwa, ka sa a ɗinka maka sabuwa.

Mu da muke yin sojan Amurka abu biyu muke riƙewa, sarƙa don horo, fata don aiki. Littafin sojan kan karnukan yaƙi na 1943, mai lamba TM 10-396, shi ne madogararmu.

Baduku, Kano: Ranka ya daɗe, irin wannan aikin ya taɓa zuwa hannuna. Ƙanena da ke waje ya turo hoto, na yi masa da jar fatar akuya don ta fi kyau. Ya dawo min da ita, wai ta yi kama da kayan dokin hawan Sallah. Sai da na koma ƙirgi mai kauri, ɗinkin hannu, babu ado ko ɗaya. Maƙwabcina a rumfa har yau yana min dariya, wai na zama telan karnuka.

Wata daga Jamus: Malam Baduku, ka ga abin da ya fi ba ni wahala? Ɗan guntun fatar nan da Jamusawa ke kira Bringsel. Yana reto a abin wuyan karnukan da ke neman masu rauni. In kare ya tarar da mutum, sai ya cafke shi a baki ya komo, mai shi ya gane. Na farko da na yi ya yi tsawo, karyata tana taka shi. Na biyu ya yi gajere, bakinta ba ya kai.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Na je gidan adana abin wuyan karnuka da ke Leeds Castle a Kent, amma abin da ya cika idona a can masu ƙayar ƙarfe ne na mafarautan da. Malam Baduku, zan turo awon wuyan, da hoton ɗan gwangwanin da ake sa saƙo a ciki. Nawa ka yi wa ƙanen naka?