Wace siga ta Prince of Persia ta cancanci a gina sabon wasa a kanta?

Bakatsine92:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja, kuma na ƙudiri aniyar sake gina wasan Prince of Persia na farko, wanda Jordan Mechner ya fitar a 1989, domin a iya buga shi a wayar hannu. Abin da ya tsayar da ni shi ne wasan ba siga ɗaya gare shi ba. Akwai ta kwamfutar Apple II wadda ita ce tushe, akwai ta kwamfutoci masu tsarin DOS ta 1990, akwai ta kwamfutar Macintosh da ta na'urar wasa Super Nintendo waɗanda suka fito a 1992, sannan ga wadda kamfanin Gameloft ya sabunta a 2007. Labarin bai canza ba, waziri Jaffar ya jefa saurayin gimbiya, wato yariman da mai wasa ke sarrafawa, a kurkuku, ya ba ta wa'adin minti sittin ta aure shi ko ta mutu, amma duk wadda na buga sai in ji motsin yariman ya bambanta a hannuna. Wacce ya kamata in ɗauka ma'auni, kuma me zan iya sauyawa ba tare da na ɓata wasan ba?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ɗauki ta DOS ma'auni, ka ajiye ta Apple II kusa da kai domin ka fahimci dalilin da ya sa aka yi kowane abu yadda aka yi shi.

Abin da ya bambanta wannan wasa da sauran wasannin tsalle-tsalle na zamaninsa shi ne nauyin jikin yariman. Mechner ya ɗauki ƙanensa David a bidiyo sanye da fararen kaya, yana gudu yana tsalle yana hawa, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zana su cikin kwamfuta. Shi ya sa idan ka saki maɓalli yarima ba ya tsayawa nan take, sai ya ƙara taku kafin ya tsaya, idan kuma ya juya cikin gudu sai ƙafarsa ta ɗan zame. Wanda bai san wasan ba yakan ɗauka jinkiri ne da ya kamata a gyara, alhali kuwa a kansa aka auna dukkan ɗakunan. Kowane ɗaki hawa uku ne, kowane hawa kuma gida goma, kuma mai wasa yana koyo da jikinsa cewa tsallen tsaye yana ƙetare ramin gida biyu, tsallen gudu yana ƙetare na gida uku, faɗuwa daga hawa biyu tana rage ma'aunin lafiyar yarima da ɗaya, daga hawa uku kuwa mutuwa ce. Ranar da ka ƙara wa yarima sauri ko ka bar shi ya canza hanya yana sama, wannan lissafi duka ya rushe.

Dalilin da ya sa na fifita DOS a kan Apple II shi ne ta riƙe matakai goma sha biyun da minti sittin ɗin yadda suke, ta kuma kawar da takurar tsohuwar na'ura, wadda launukanta kaɗan ne, tafiyarta kuma takan yi nauyi idan abubuwa suka yi yawa a allo. Sai dai wannan takurar ce ta haifi mafi kyawun abin da ke cikin wasan. Ma'ajiyar Apple II ta cika har babu gurbin zana sabon abokin gaba, sai Mechner ya sarrafa hotunan yariman kansa ya fitar da inuwarsa. Ita ce take fita daga madubi a mataki na huɗu, ta sha maganin da ka wahala kana nema a mataki na biyar, a mataki na goma sha biyu kuma ba a cin ta da faɗa, domin duk saran da ka yi mata kai ma yana kama ka, sai ka mayar da takobi kube ka shiga cikinta. Idan ka zana inuwar da wata kama daban ta ado, ka kashe ma'anarta.

Uwar Ɗaki:

Ban ƙi maganar Malam Injiniya a kan motsi ba, amma ina ganin an tauye wa sigar Super Nintendo haƙƙinta. Kamfanin Arsys na Japan ne ya yi ta, Konami kuma ya fitar da ita a Amurka da Turai, kuma ba kwafi kawai suka yi ba. Sun mayar da matakan ashirin, suka ƙara wa'adin ya zama minti 120, suka sake tsara ɗakunan, suka zuba kiɗa mai bin mai wasa tun daga farko har ƙarshe, ga manyan abokan gaba da babu su a asali. A sigar DOS shiru ne ya fi yawa, ba ka jin komai sai takun ƙafa da ƙarar ƙofar ƙarfe tana sauka, kuma na yarda wannan shirun yana da nasa kwarjinin. Amma ga yaron yau da bai taɓa ganin wasan ba, bango iri biyu kacal, na kurkuku da na fada, zai iya gundurarsa kafin ya kai mataki na uku inda ƙwarangwal ke tashi.

Abin da nake so ɗalibinmu ya koya daga Arsys shi ne cewa ana iya ƙari mai yawa matuƙar ba a taɓa ƙashin bayan wasan ba. Sun ninka lokaci ne saboda sun kusa ninka tafiyar, don haka fargabar agogo ba ta ragu ba, kuma idan ka mutu aka mayar da kai baya, mintocin da ka ɓata sun tafi ke nan. Sigar 2007 ce na fi kokwanto a kanta, ko da yake zanenta ya yi kyau, domin ta sa wani ɗan haske mai tashi yana nuna wa mutum hanya. Rabin daɗin wasan kuwa yana cikin ɓata, da gano cewa wani faifan rufi yana girgiza, idan ka buge shi ya faɗo sai ka tarar da hanya a sama.

Bakatsine92:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. To ta yaya zan sami ainihin ma'aunin motsin, tun da kallon bidiyo kaɗai ba zai ba ni shi daidai ba?

Mai Faifai:

Ba sai ka yi ƙiyasi ba, ƙanena. A 2012 mahaifin Mechner ya tsinci wani kwali na tsofaffin faya-fayai ya aika masa, aka samu masana suka ceto abin da ke ciki, Mechner kuma ya ɗora asalin rubutun manhajar Apple II a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja, a watan Afrilun shekarar. An rubuta shi da harshen na'ura na 6502, yana da wuyar karantawa, amma jadawalin da ke faɗin wane hoto ke bin wane, da nisan da yarima ke gusawa a kowanne, yana nan ciki. Da shi aka yi sigar kwamfutar BBC Master a 2018. Ga ta DOS kuma akwai SDLPoP, wadda aka warware daga tsohuwar manhajar aka sake rubuta ta da harshen C, tana kuma aiki a kwamfutocin yau, kuma ita ce za ta fi yi maka sauƙi.

Akwai abu biyu da ya kamata ka sani tun yanzu. Sakin rubutun manhajar bai sa wasan ya zama na kowa ba, domin sunan da haƙƙin mallakarsa suna hannun Ubisoft, saboda haka in har za ka fitar da aikinka ga jama'a, ka zana naka jarumin, ka tsara naka ɗakunan, ka sa naka suna. Na biyu ya fi wuya, wato allon waya. A DOS maɓallin Shift guda yana aiki da yawa: da shi ake takun hankali a tsakanin tsinin ƙarfe, da shi ake kama gefen bango a rataye, da shi kuma ake sara. Yatsa yana jin maɓalli ko ba a duba ba, amma ba ya jin gilashi, kuma a wannan wasa kuskuren taku ɗaya yana kai mutum kan tsini. Don haka kafin ka zana komai, ka gina ɗaki guda mai ramin gida uku da tsini da ƙofa mai rufuwa a hankali, ka ba wanda bai taɓa buga wasan ba wayar, ka zauna ka lura da inda babban yatsansa ke kuskure maɓallin rataya.