Wai da gaske mai kaɗa org ba zai iya jita ba?

Ɗan Gadarif: Salamu alaikum yan uwa. Ni dai org, wato piyanon lantarki, nake kaɗawa a hafla, biki da suna, kusan shekara 3 kenan, to yanzu raina ya kwanta da jita har na samu wata tsohuwa a hannun wani abokina, sai ustazun da ya koya min yace wai in bari, wanda ya riƙe biyu ba ya ƙwarewa a ko ɗaya. Akwai wanda ya san wani mawaƙi da ya haɗa su kuma ya yi suna? Abin ya dame ni wallahi.

Baffa Maiurno: Wa alaikumus salam ɗana. Je ka nemi Jonny Greenwood na ƙungiyar Radiohead ta Ingila. An haife shi 1971 a Oxford, yayansa Colin shi ke riƙe da jitar bas, kuma a makarantar Abingdon suka haɗu gaba ɗayansu, lokacin sunan ƙungiyar On a Friday don ran Juma'a suke atisaye. Shi ne ƙaraminsu. Abin dariya shi da bakinsa ya ba da labari cewa wanda ya riga shi zama kan org sun rabu da shi ne saboda ƙara ta yi yawa, to shi da ya shigo sai ya riƙa kashe na'urar yana ta danne-danne ba sauti, babu wanda ya gane, in ya koma gida da dare ya zauna ya koyi yadda ake haɗa sautukan, a hankali a hankali ya fara ɗaga murya har wata da watanni. Daga baya shi ya zama babban mai jitarsu. Sun sa hannu da kamfanin EMI a 1991, ya bar jami'a bayan sati 3 kacal, kada ka ce ni na ce ka yi haka.

Yar Kassala: Baffa ka manta abu ɗaya ai, yaron nan tun yana ƙarami ya koyi viola, wato babbar yayar kamanja (gogen Turawa), kuma ya iya karanta nota. Ba daga sama ya faɗo ba. Shi ya sa a 2000 lokacin faifansu mai suna Kid A ya iya ɗaukar ondes Martenot, wata na'urar Faransa ta 1928 da ake sa zobe a yatsa ana ja, sautinta kamar kukan mutum. Yanzu ma kiɗan finafinai yake rubutawa, har an sa sunansa a takarar Oscar. Ɗan Gadarif, ni a ganina ustazunka yana da rabin gaskiya.

Baffa Maiurno: Haka ne 'yata, ban ƙi ba. Kuma jitar ma sai da ta ci masa hannu, shekarun 1990 ɗin nan da ɗauri a hannun dama yake hawa dandali saboda yadda yake dukan tsirkiya da ƙarfi.

Abu Hafsa: Ku kuma sai kun tafi har Ingila? Ga Sharhabil Ahmad nan a gida Sudan, ya iya ud, wato garayar Larabawa, ya iya jita, matarsa Zakiyya ma ta kaɗa jita a ƙungiyarsa. Ɗan Gadarif kunnenka ya riga ya saba da sullam khumasi ɗinmu mai sauti 5, abin da kake yi a org shi za ka nemo a wuyan jita, yatsu ne kawai zasu yi kanta sati biyu uku. Amma kar ka saki org, shi ke kawo kuɗin cefane, wa zai kira mai jita shi kaɗai hafla? Ga kuma ranar da aka ɗauke kahraba, wato wutar lantarki, jitar katako ba ruwanta.

Ɗan Gadarif: Na gode ƙwarai Baffa da ku duka. Tsirkiya biyu sun tsinke a jitar, a ina ake samun saiti mai sauƙi yanzu, ko sai an aiko daga Bur Sudan?